Lu'ulu'u: Daga Cikin Ƙumba Zuwa Akwatin Lefe

Idan aka kawo lefe gidan amarya a Sakkwato ko a garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, kamar Wamakko da Dundaye, akwatin da mata suka fi daɗewa a kansa shi ne ƙaramin nan na kayan ado. Atamfa da leshi an san su, ana ɗagawa a ƙirga a ajiye. Sarƙar zinari kuwa sai an juya ta an ji nauyinta a tafin hannu, domin kowa ya san dukiya ce wadda mace za ta iya kai wa maƙerin zinari ranar da bukata ta taso, ya aza ta bisa ma'auni ya biya ta kuɗin kowane giram. A 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo cikin wannan akwati, wato sarƙa mai fararen duwatsu jeri uku ko biyar ko bakwai, tare da 'yan kunnenta da wani siririn zare da ake saukowa da shi a tsakiyar goshi. Salon na amaren Indiya ne, kuma ba abin mamaki ba ne ya samu karɓuwa a ƙasar da ta shafe fiye da shekara hamsin tana kallon finafinan Indiya. Masu sayarwa suna kiran waɗannan duwatsu lu'ulu'u, su yanka masu farashi gwargwadon girman sunan. Kaɗan ne daga cikin masu saye suka san mene ne lu'ulu'u, balle su iya rarrabe na gaske da jabu.

Suna ɗaya, abu biyu

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshe ya samo asali. Kalmar lu'ulu'u aro ce daga Larabci, kamar 'yar'uwarta murjani, kuma an ambaci su biyun tare a cikin Suratur Rahman a matsayin abubuwan da ake fitarwa daga ruwa. A bakin Bahaushe sai kalmar ta faɗaɗa ta haɗiye kowane dutse mai daraja, har da daimon da ake haƙowa a Saliyo da Botsuwana. Alhali kuwa waɗannan abubuwa biyu sun yi hannun riga. Daimon tsantsar sinadarin kabon ne wanda zafi da danniya suka dunƙule a can ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne ma'adinin da ya fi kowane tauri. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, daimon ne a hawa na 10. Lu'ulu'u na asali yana tsakanin hawa na 2.5 da na 4.5, wato ƙarfen wuƙa ma yana iya ƙarzar shi. Ba a haƙo shi, ba a sassaƙa shi, ba a goge shi kafin ya yi ƙyalli. Dabba ce mai rai take gina shi a cikin jikinta, saboda haka bayaninsa aikin masanin ilmin halittu ne.

Yadda ƙumba ke gina shi

Duk yaron da ya taɓa wasa a yashin gulbin Rima da rani, lokacin da ruwa ya janye, ya san ɓawon ƙumba. Bayansa baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa, ba shi da wani kyan gani. Cikinsa kuwa santsi ne da shi, yana walƙiya fari da ruwan hoda da ɗan shuɗi-shuɗi idan aka karkata shi ga rana. Mata sun daɗe suna kankare ƙwarya da tukunya da shi. Ƙumba dabba ce mai taushin jiki, ba ta da ƙashi, dangin dodon koɗi ce, sai dai shi ɓawonsa ɗaya ne murɗaɗɗe, ita kuwa nata biyu ne masu buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ƙofa. 'Yar'uwarta ta ruwan gishiri, wadda ake kira kawar lu'ulu'u, tsarin jikinsu kusan ɗaya ne.

Tsakanin naman ƙumba da ɓawonta akwai wata siririyar fata mai lulluɓe jikin gaba ɗaya, wadda za a iya kira mayafi. Mayafin nan shi ne magini. Ƙwayoyin halittar da ke bayansa suna karɓar sinadarin kalsiyam da dabbar ta samo daga ruwa da abinci, su haɗa shi da kabonet, su fitar da shi a matsayin kalsiyam kabonet. Da wannan ne ake gina ɓawo hawa uku: fatar waje mai duhu wadda ke kare shi daga cin ruwa, sai hawa na tsakiya mai kauri, sai kuma shafen ciki mai ƙyalli. Wannan shafe na ciki shi ne ainihin abin da aka yi lu'ulu'u da shi.

Idan aka duba shafen da na'urar ƙara girma mai ƙarfi, abin da za a gani ya yi kama da katangar da gwanin magini ya jera. Akwai ƙananan tubala masu faɗi na wani nau'in kalsiyam kabonet da ake kira aragonait, an jera su sahu bisa sahu, kowane tubali ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. A tsakaninsu akwai kwaɓi na wani furotin mai danƙo mai suna konkiyolin. Tubalan su ne kimanin kashi 95 cikin 100 na nauyin, kwaɓin kuma kashi 5 kacal. Kaurin tubali ɗaya bai wuce rabin maikiron ba, wato sai an aza sahu 2,000 kafin a samu milimita 1. Silin gashin kai guda ya fi sahu 100 kauri.

Wannan tsari yana da fa'ida biyu. Ta farko ƙarfi. Aragonait shi kaɗai gaggautsa gare shi, da an buga sai ya tarwatse. Amma idan tsaga ta kama a jikin shafen, ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya, sai ta yi ta kewaya tubala tana cin karo da kwaɓi mai danƙo har ƙarfinta ya ƙare. Gwaje-gwaje sun nuna cewa shafen ya fi tsantsar aragonait jure karaya sau dubbai, shi ya sa injiniyoyi masu neman ƙera abubuwa marasa nauyi masu ƙarfi suke ta nazarinsa. Magina na gargajiya sun san wannan dabara tun da daɗewa, su da ke cuɗa ƙasa da ciyawa don kada bango ya tsage.

Fa'ida ta biyu, ga ɗan Adam dai, ita ce ƙyalli. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, kusan daidai da kaurin tubalan. Idan haske ya sauka, wani kaso yana dawowa daga sahun farko, wani ya ratsa ya dawo daga na biyu, wani daga na goma, wani daga na hamsin. Waɗannan haskoki da suka dawo suna haɗuwa, wasu launuka su ƙarfafa juna wasu su kashe juna. Abin da ke sa ɗigon man fetur a kan ruwa ya yi launin bakan gizo ke nan. Shi ya sa mai kallon lu'ulu'u na ƙwarai yake ganin kamar hasken daga cikinsa yake fitowa, kuma gwargwadon yawan sahu da kyan jerinsu, gwargwadon zurfin ƙyallin.

To, me ke sa dabbar ta bar gina ɓawo ta gina dunƙule? Mutanen da sun ce ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa bakin kawa a wani wata na bazara ya daskare. Wannan magana ta yaɗu a littattafan Larabawa da Farisawa da Indiyawa. Daga baya aka maye gurbinta da cewa ƙwayar yashi ce ke shiga ta dame dabbar, kuma har yanzu ana samun wannan a wasu littattafan makaranta. Malami ya yi hattara da ita. Ƙumba a cikin yashi da laka take kwana take tashi, tana da hanyar tofar da su, da yashi ne sanadi da kowace ƙumba a gulbi ta cika da lu'ulu'u. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, sai wani abu ya raunata mayafin, kamar 'yar tsutsa mai huda ɓawo ko cizon kaguwa ko kifi, ya tura wasu ƙwayoyin halittar bayan mayafi zuwa cikin nama, inda ba wurinsu ba. A can sai su hayayyafa su yi 'yar jaka rufaffiya. Aikin da suka sani ɗaya ne, wato fitar da shafe, sai su ci gaba da yin sa zuwa cikin jakar, sahu bisa sahu, shekara da shekaru. Abin da ya taru shi ne lu'ulu'u. Haɗari ne tsantsa, shi ya sa masunta kan buɗe ɗaruruwan kawa ko dubbai kafin su samu guda mai daraja, kuma mafi yawan wanda ake samu ba mulmulalle ba ne.

Dutsen Kalambaina

Mutumin Wamakko yana da dalili na musamman na sanin wannan sinadari, domin a kansa yake tafiya. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku mara zurfi ya rufe wannan yanki. Kawa da dodon koɗi da sauran halittun ruwa masu ɓawo suka rayu a cikinsa suka mutu, ɓawonsu ya taru ya danne ya zama farin dutse. Masana ilmin ƙasa sun raɗa wa wannan shimfiɗar dutse sunan Kalambaina, kuma ita ce kamfanin siminti yake haƙa tun da ya fara aiki a 1967, kamfanin da yanzu ke hannun BUA. Wanda ya duba gutsattsarin dutsen da kyau yakan ci karo da siffar ɓawo a jikinsa. Da buhun siminti da sarƙar amarya, tushensu ɗaya.

Ana iya nuna wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A samo ɓawon ƙumba da ɓawon ƙwai da ɗan dutsen Kalambaina, a ƙarza kowane a samu gari kaɗan, a ɗiga masa ruwan lemun tsami ko ruwan bininga. Dukansu za su yi kumfa, domin asid yana narkar da kalsiyam kabonet ya saki iskar kabon dayoksaid. Kada malami ya yi mamaki idan allin rubutu ya ƙi yin kumfa: yawancin allin zamani da jifsam ake yin sa, wanda sinadari ne dabam. Murjani na asali, wanda wata ƙaramar dabbar teku ke ginawa a Bahar Rum, da wuri, wanda aka riƙa kawowa daga tsibiran Maldibis har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa, su ma kumfar za su yi.

Hanyarsa zuwa wuyan amaryar Indiya

Indiya ta daɗe da lu'ulu'u saboda tana tsakanin manyan matsafansa guda biyu na duniyar da. Ɗaya shi ne mashigin tekun Mannar da ke tsakanin kudancin Indiya da Siri Lanka, inda aka shafe fiye da shekara 2,000 ana nutso. Ɗayan kuma Tekun Fasha, musamman kewayen Baharain. Ibn Batuta, matafiyin nan da ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya bayyana yadda masu nutson wannan teku suke aiki. Har farkon ƙarni na 20 aikin bai sauya sosai ba. Mutum ya matse hancinsa da ɗan maƙali na ƙaho ko ƙoƙon kunkuru, ya taka dutsen da aka ɗaura wa igiya ya nutse da shi, ya tsinci kawa na kamar minti ɗaya, abokin aikinsa ya jawo shi sama. Haka za a yi ta yi daga safe zuwa yamma, wata huɗu na tsananin zafi. Wani ƙiyasi na wajen 1907 ya nuna jiragen ruwa kimanin 4,500 da mutane kimanin 74,000 ne suke wannan sana'a. Da yawa daga cikin masu nutson bayi ne da aka kwaso daga Afirka ko 'ya'yansu, wasu kuma bashin masu jirgi ya ɗaure su har mutuwa, ya koma kan magada. Makanta da kurumta sun yi yawa a cikinsu. Littattafan da ke yabon kyan lu'ulu'u ba su cika tsayawa a kan wannan ba.

Mafi yawan abin da aka samo Bambai ake kai shi, a huda a zarga, daga nan ya bazu. Indiyawa suna kiransa lu'ulu'un Basra, da sunan tashar da ya riƙa biyowa. Sarakunan Haidarabad sun tara shi har birnin ya samu laƙabin birnin lu'ulu'u, duk da cewa yana nesa da teku, kuma har yau mutanen ƙauyen Candanfet da ke yankin sun shahara da huda shi. Sarƙar nan mai jeri bakwai daga can ta fito, sunanta satlada. A jihar Maharashtara amarya takan sa zoben hanci mai lu'ulu'u, ita da ango kuma a ɗaura masu zaren lu'ulu'u a goshi ya sauko gefen fuska. Wani abin da zai ja hankalin mai karatu a Sakkwato shi ne shimfiɗar Baroda. A 1865 sarkin Baroda, Khanderao Gaekwad, wanda ba Musulmi ba ne, ya sa aka saƙa shimfiɗa da ƙananan lu'ulu'u fiye da miliyan ɗaya da niyyar aika ta kyauta ga kabarin Manzon Allah (SAW) a Madina. Ya rasu kafin a kai ta. An sayar da ita a Doha a 2009 a kan dala miliyan 5.5 ko kusa da haka, tana ƙasar Katar yanzu.

Noman lu'ulu'u

Wanda ya gane cewa ƙwayoyin mayafi ne ke yin aikin, ya gane cewa ana iya sa su yin sa da gangan. Mutanen Sin tun wajen ƙarni na 13 suke cusa ƙananan siffofi tsakanin ɓawon ƙumba da mayafinta don ta shafe su. A 1893 Kokichi Mikimoto na Jafan ya samu rabin lu'ulu'u manne da ɓawo ta irin wannan hanya. Dabarar samun mulmulalle kuwa Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa ne suka fito da ita wajen 1907, kuma ita ake bi har yau. Ana yanko ɗan ƙaramin yanki na mayafin wata kawa, a buɗe bakin wata kaɗan, a tsaga namanta, a dasa yankin tare da ɗan mulmulen da aka sassaƙa daga ɓawon ƙumba, yawanci ta kogin Misisifi na Amurka. Yankin da aka dasa ya girma ya zama jaka kewaye da mulmulen, ya fara shafe shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a ciro. Tiyata ce sosai, kuma kawa da yawa suna mutuwa ko su tofar da abin da aka dasa.

A Sin an sauƙaƙa abin da ƙumbar ruwan daɗi mai suna Hyriopsis cumingii. Ita ana iya dasa mata yanki 20 zuwa 30 a lokaci ɗaya, ba tare da mulmule ba, a rataye ta a tafki shekara biyu zuwa shida. Idan aka auna da nauyi, fiye da kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un da duniya ke samarwa a yau daga tafkunan Sin yake fitowa, kuma babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. Indiya kanta ta yi nutsonta na ƙarshe a Tutikorin a 1961, ta samu lu'ulu'unta na noma na farko a can a 1973. Mafi yawan abin da amaryar Indiya ta yau ke sawa, ko da a Haidarabad aka zarga shi, daga Sin aka shigo da shi.

Na noma da na tsuntuwa sinadarinsu ɗaya, ido ba ya raba su, sai an haska cikinsu da na'urar hoton ƙashi. Amma zuwansa ya karya kasuwa. Tsakanin 1920 da 1940 sana'ar nutso a Tekun Fasha ta durƙushe, mutanen yankin suka shiga matsananciyar fatara, ba su farfaɗo ba sai da man fetur, wanda aka fara samu a Baharain a 1932. A birnin New York, a 1917 kamfanin Cartier ya karɓi katafaren gida a babban titin kasuwanci a musayar sarƙar lu'ulu'u jeri biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan 1. Da aka yi gwanjon sarƙar a 1957, ba ta kai dala 200,000 ba.

Abin da ke cikin akwati

Saboda haka abin da ake kira lu'ulu'u a kasuwa iri uku ne. Na tsuntuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, sai a gidajen gwanjo da gadon sarakuna, da kuma Baharain inda doka ta hana cinikin na noma. Wanda aka ce masa ga na tsuntuwa a Babbar Kasuwar Sakkwato ko a Kantin Kwari, ya riƙe kuɗinsa. Na noma lu'ulu'u ne na gaske, kuma na ruwan daɗi ba shi da tsadar da ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Na uku shi ne jabu, wanda babu hannun ƙumba a cikinsa ko kaɗan. Tun ƙarni na 17 wani mai yin carbi a birnin Faris na Faransa, Jacquin, ya gano cewa ƙyallin ɓamɓaroƙin kifi yana wankuwa a ruwa, ana iya tara shi a shafa wa ƙwallon gilashi. Yau ana shafa wa gilashi ko roba irin wannan fenti ko na sinadarai. Sa jabu ba laifi ba ne, ado ne mai araha kuma yana kyau a hoto. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan na gaske, kuma iyalan da suka ci bashi don fita kunyar lefe su ne suka fi cutuwa.

Ilmin da ya gabata ya isa a gane shi. Tun da shafen gaske sahu-sahu ne na tubala, fuskarsa tana da ƙananan gaɓoɓi da ido ba ya gani. Idan aka goga shi a hankali a gefen haƙorin gaba sai a ji ɗan gursa-gursa kamar yashi mai laushi, fenti kuwa sulɓi yake yi. Inda mai kaya bai yarda a kai baki ba, a goga biyu da juna, za a ji wannan turjiya, har ɗan farin gari ya fito wanda ke gogewa da yatsa. A duba bakin huda: na gaske hudarsa ƙarama ce mai tsabta, jabu kuwa sau da yawa fentin ya taru ko ya ɓare a wurin, ana hango gilashi ko roba. A jera su a duba: abin da dabba ta gina ba ya zama daidai wa daida, sai an ga ɗan bambancin girma ko launi ko ɗan tabo. Sarƙa mai araha wadda duwatsunta suka zama tamkar an zuba su a ma'auni ɗaya, to an zuba su ɗin ne. Nauyi yana tona asirin roba, amma ba ya tona na gilashi, domin nauyin gilashi ya yi kusa da na lu'ulu'u. Ba a gwada sarƙar mutane da lemun tsami ko wuta, gwajin zai ba da amsa amma ya ɓata kayan.

Wadda ta samu na gaske kuma, yanayin Sakkwato da al'adun kwalliya duk suna gaba da shi. Gumi yana da ɗan asid mai cin aragonait. Turaren fesawa da humra da man shafawa suna dusashe ƙyallin, hayaƙin turaren wuta yana rina shi. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu tauri hawa na 7, saboda haka goge sarƙa mai ƙura da busasshen ƙyalle kamar goge ta da takardar yashi ne. Kwaɓin konkiyolin yana riƙe da ɗan ruwa, zafin watan Afrilu da bushewar iska suna iya ƙafar da shi har fuskar ta tsattsage. Amarya ta gama turare da shafe-shafe tukuna ta sa sarƙar, idan ta cire ta share ta da tattausan ƙyalle mai ɗan laima, ta ajiye ta a jakar yadi ita kaɗai, nesa da zinari da ƙarfe. Kuma iyaye su sani cewa lu'ulu'un noma ba ya maye gurbin zinari wajen ajiyar dukiya. Zinari ana narkar da shi a sake ƙerawa, lu'ulu'u kuwa ba ya narkuwa ya dawo, ba shi da farashin giram, kuma mai sayen na hannu da wuya ya biya ko rabin kuɗinsa.

Gulbin Rima

Tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali zai yi ita ce, tun da ƙumbar gulbi tana da shafe mai ƙyalli, me zai hana a noma lu'ulu'u a nan? Tambaya ce mai ma'ana. A Indiya cibiyar binciken kiwon halittun ruwan daɗi da ke Bubaneswar ta koya wa ƙananan manoma yin haka a kududdufai da ƙumbarsu ta gida, Lamellidens marginalis. A Afirka ma an yi kiwon kawar lu'ulu'u a Dongonab, gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, tun farkon ƙarni na 20, kuma matan Fumba a Zanzibar suna noma rabin lu'ulu'u suna sayar wa baƙi. Kogin Kwara da rassansa, waɗanda Rima ke cikinsu, suna da ƙumba iri-iri, kamar dangin Mutela da Aspatharia da Coelatura, da kuma kawar kogi, Etheria elliptica, mai manne wa duwatsu.

Sai dai kafin a yi maganar noma, tilas a san rayuwar dabbar, kuma rayuwar tata tana da wuyar sha'ani. Ƙumba da tace ruwa take ci, babba guda tana iya tace lita gommai a yini, ta tsince ƙananan tsirrai da ƙwayoyin da ke yawo a ciki. Wannan yana tsabtace gulbi, amma yana nufin duk gubar da ta shiga ruwa, ta maganin feshi ko ta kwatamin gari, a jikinta take taruwa. Tafkin Biwa na Jafan ya taɓa yin suna a duniya da lu'ulu'un ruwan daɗi, gurɓacewar ruwa ta kusan kashe sana'ar a shekarun 1980. Haihuwarta kuma ta dogara ga kifi. A yawancin irin waɗannan ƙumba, 'ya'yan da uwa ta saki, waɗanda ido da ƙyar yake gani, sai sun maƙale a jikin kifi na wasu makonni suna samun abinci daga gare shi, kafin su saki su faɗa laka su fara rayuwar kansu. Wasu nau'o'in ba kowane kifi suke yarda da shi ba. Ta haka ne dabbar da ba ta iya tafiya mai nisa take haura gulbi. Idan aka kame kifin da ƙananan raga, ko madatsar ruwa irin ta Goronyo da Bakolori ta tare masa hanya ta sauya lokacin cikar gulbi, ƙumbar da ke wurin za ta tsufa ba magaji, kuma ba wanda zai lura sai bayan shekaru, domin dabba ce mai tsawon rai. Shigo da ƙumbar waje don gaggawa ma yana da nasa haɗari. Wata ƙumbar Sin, Sinanodonta woodiana, ta shiga Turai a jikin kifayen kiwo da aka shigo da su, yanzu ta mamaye koguna da dama tana ƙwace wa 'yan gida wuri.

Aikin farko bai fi ƙarfin ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare ba. Da rani, lokacin da ruwa ya janye a Kwalkwalawa ko a gaɓar Wamakko, ɗalibai tare da malaminsu za su iya auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 a bakin ruwa, su tattara ɓawon da ke ciki, su raba shi iri-iri bisa siffa, su auna tsawon kowane da kaurin shafensa, su rubuta rana da wuri. Masunta su ne za su faɗi sunan kowane iri da kifin da aka fi samu a inda yake. Yawan ƙanana a cikin tarin alama ce ta cewa ana haihuwa, manya zalla kuma alama ce ta matsala. Mai rai idan an auna ta a mayar da ita cikin laka yadda aka same ta, gefen da take shaƙar ruwa yana sama, domin idan aka bar ta a kan yashi cikin rana ba ta daɗewa take mutuwa.